Ra'ayinmu: Wa Ke Mamayar Wa?



Akwai wasu kalmomi biyu da suka cika mana kunne a 'yan shekarun nan, har ya zama da wuya mutum ya kunna rediyo da safe ya kashe bai ji ɗaya daga cikinsu ba. Ta farko ita ce mulkin mallaka, ta biyu kuwa mamaya. A nan Nijar, tun bayan juyin mulkin watan Yuli na 2023, da wuya wani babba ya yi jawabi bai ambaci mulkin mallaka ba, kuma kowa ya san Faransa ake nufi. In kuwa ka bi garke ka tsallaka Nijeriya, ko ka gangara wajen Binin da Gana, sai ka tarar mamaya ce ke yawo a bakin mutane, kuma kai ake nufi, kai mai sanda da gora da 'yan shanu hamsin. Zargi dai iri ɗaya ne, wato na faɗaɗa iko da cin ƙasar wasu, ana jifan ƙasa mai jiragen yaƙi da shi, ana kuma jifan bawan Allah mai kwana a bayan shanu da shi. Suna ɗaya kuwa ba ya dacewa da giwa ya kuma dace da zomo. Saboda haka muka ga ya kamata a wannan fitowa mu jingine maganar tsadar dusa da allurar rigakafi, mu dubi waɗannan kalmomi, mu ga abin da suke nufi da wanda suka dace da shi.

Wani zai ce wannan ai aikin malaman jami'a ne, ina ruwan mai kiwo da asalin kalma? Da ruwansa ƙwarai. Duk wanda ya daɗe a harkar nan ya san ba da sanda ake fara kora ba, da baki ake farawa. Sai an raɗa maka suna a rediyo da jarida, sunan ya zauna a zukatan mutane, sa'an nan majalisa ta zauna ta yi doka a kansa. Daga nan sai ka wayi gari an kama maka shanu an tsare, falke kuma ya iso kara ya tarar an rufe.

Mu fara da namu na gida. Mulki da mallaka duka daga Larabci Hausa ta aro su, kuma saiwarsu ɗaya ce. Da aka haɗa su aka ce mulkin mallaka, abin da ake nufi shi ne mulkin da mai yinsa ya ɗauki ƙasa da mutanen cikinta a matsayin dukiyarsa, kamar yadda ɗayanmu zai nuna saniya ya ce wannan mallakata ce, in na so in sayar, in na so in yanka. Wanda ya fara haɗa kalmomin nan ya iya Hausa. Ita kuwa mamaya maganar yaƙi ce tun ta kaka da kakanni: a auka wa gari ba zato ba tsammani, a rufe shi ta kowace kusurwa kafin mutanensa su kai hannu ga baka. Daga nan ne ake cewa ruwa ya mamaye gari, ko fara ta mamaye gona.

Su Turawa da suka aikata abin kalmomi biyu gare su, mu ne muke fassara su da suna ɗaya. Ta ɗaya ita ce wadda muke ji a jawaban Faransanci, amperiyalisim. Asalinta daga harshen Latin na Rumawan da ne, daga kalmar da ke nufin ikon ba da umurni, irin wanda ake danƙa wa shugaban rundunar yaƙi. Ma'anarta a yau ita ce manufar da wata ƙasa ke bi ta shimfiɗa ikonta a kan wasu al'ummomi, ko da bindiga, ko da bashi, ko da takardar yarjejeniya da aka sa wa hannu bisa tilas. Ta biyu ita ce koloni, wato ita ƙasar da aka ci aka zauna a ciki. Wannan muna so mai karatu ya riƙe ta da kyau, don za mu komo kanta. Saiwarta a Latin noma take nufi. Rumawa in sun ci wata ƙasa da yaƙi sai su yanka filayenta su raba wa mutanensu, sau da yawa tsofaffin sojoji, su kafa gari su yi noma su kuma tsare wa daula wurin. Irin wannan gari shi ne koloni. Ba mu kawo wannan don mu shafa wa 'yan'uwanmu manoma baƙin jini ba, ina, manomin Dakwaro ko na Gaya ina ya san birnin Rum? Mun kawo shi ne don a ga cewa tun tushenta kalmar tana tafe da soja, da yankan fili, da zama na dindindin.

Abin da zai ba matasa mamaki shi ne, akwai lokacin da amperiyalisim ba zagi ba ce. A ƙarshen ƙarni na 19 manyan Ingila da yawa da bakinsu suke kiran kansu masu wannan manufa, suna alfahari. A watan Yuli na 1885 Jul Feri, wanda ya taɓa zama firayim ministan Faransa, ya miƙe a majalisar dokokin ƙasarsu ya ce akwai jinsin mutane na sama da na ƙasa, kuma na sama suna da haƙƙi a kan na ƙasa domin nauyin wayar da su yana wuyansu. Bai ɓoye ɗaya dalilin ba, ya ce masana'antun Faransa na bukatar kasuwa. A cikin makon wani ɗan majalisa, Kilimanso, ya tashi ya ƙaryata shi, don kada a ce duk Turawa bakinsu ɗaya. A 1902 wani ɗan Ingila mai suna Hobson ya rubuta littafi ya nuna cewa masu jarin da suka rasa inda za su zuba kuɗinsu a gida su ne ke tura gwamnati cin ƙasashe, talakan Ingila ya biya kuɗin yaƙi, riba ta shiga aljihun 'yan tsiraru. Daga baya Kwame Nkrumah na Gana, a littafinsa na 1965, ya yi bayanin sabon mulkin mallaka, inda tuta taka ce, taken ƙasa naka ne, amma kuɗi da shawara daga waje suke zuwa. Kafin a kai nan kalmar ta riga ta koma zagi tsantsa. Ba wanda ke yarda a kira shi da ita, kowa kuma yana da wanda yake jifa: Amurka ta jefi Rasha, Rasha ta jefi Amurka. Da abin ya kai haka sai ma'anar ta sakwarkwace, duk wanda ya ƙi jinin wani sai ya laƙaba masa.

To, da me za mu auna? Mu a namu ganin babu ma'aunin da ya fi wanda ya fito daga bakin mai aikin da kansa. A watan Maris na 1903, 'yan kwanaki bayan sojojin Ingila sun shiga Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas da jama'arsa, Gwamna Lugga ya tara Waziri da sauran manyan gari ya yi masu jawabi ta bakin tafinta. Abin da ya gaya masu a taƙaice shi ne, Fulani a zamanin Shehu Ɗanfodiyo sun ci ƙasar nan da yaƙi, suka karɓi ikon mulki da na sa haraji da na naɗa sarakuna da tuɓe su. Yanzu su ma an ci su, saboda haka duk wannan iko ya koma hannun Ingila. Ya ƙara da cewa ikon ƙasa ma na gwamnati ne, duk filin da take bukata za ta ɗauka. Bai yi kwana-kwana ba. Ga ma'auni nan a fili: wa ke naɗawa da tuɓewa, wa ke sa haraji, wa ke da ta cewa a kan ƙasa, kuma da ƙarfin me ya samu. Duk wanda ya haɗa waɗannan a hannunsa a kan mutanen da ba su ba shi ba, shi ne mai mulkin mallaka, ko wane launi ne da shi.

Ta wajenmu Faransa ba ta tsaya dogon jawabi ba. A 1899 ayarin sojoji ƙarƙashin hafsoshi biyu, Vule da Shanuwan, ya taso daga bakin kogin Isa ya nufi tafkin Cadi, yana ƙone garuruwa yana kwasar hatsi da dabbobi da mutane. A watan Afrilu suka yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu, a watan Mayu suka yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta ba. Ɓarnar ta kai har hukumarsu ta aiko Kanar Kulob ya tsayar da su, suka harbe shi a watan Yuli, su ma bayan 'yan kwanaki sojojinsu suka kashe su a wajen Maijirgi. Amma a lura, Faransa ba ta fasa ba. Sauran ayarin ya zarce ya ci Damagaram kafin watan ya ƙare. Wannan ita ce mamaya da cikakkiyar ma'anarta.

Labarin iyakar da muke tsallakawa da dabbobi kowace shekara ya fi ba da haushi, kuma ya kamata kowane makiyayi ya san shi. Mutane na yawan cewa a taron Balin na 1884 zuwa 1885 aka raba Afirka. A can dai ƙasashe 14 suka zauna, ba ɗan Afirka ko ɗaya, suka shimfiɗa ƙa'idojin rabo. Su iyakokin daga baya aka bi ana ja, ƙasa biyu-biyu. Tamu an fara ta a 1890 da layi daga Sayi zuwa Barwa a bakin Cadi. A 1898 aka sake zama a Faris, aka kafa tsinke a kan Sakkwato a taswira, aka zagaya da zane mai nisan mil 100, wajen kilomita 160, aka ce abin da ke ciki na Ingila ne. Da Faransawa suka zo bin rabonsu da ƙafa sai suka tarar hanyar da ta rage masu daga kogi zuwa Damagaram ta bi ta inda babu rijiyoyi, ayarinsu na shan baƙar wuya. Suka koma wa Ingila, a 1904 da 1906 aka turo iyakar kudu, da haka Ƙonni da Maraɗi suka faɗo hannun Faransa. Cikin abin da Faransa ta bari a wannan ciniki har da wani tsohon haƙƙi da masuntanta ke da shi a gaɓar tsibirin Niyufanlan, can wajen Kanada. Jama'a ku ji fa: an duba ƙishirwar sojan Faransa, an duba kifin wani teku da ba mu taɓa gani ba, amma ba a tambayi mai garke ko ɗaya inda yake cin damina da inda yake cin rani ba. Yau kuma jikansa ne ake kira ɗan mamaya in ya bi hanyar da kakansa ke bi tun ba a ja layin ba.

Akwai wata dabara da ba ta rabuwa da mulkin mallaka duk inda ya je, kuma mu masu kiwo ita ta fi cutar da mu. Kafin a ƙwace wuri sai an fara cewa ba kowa a cikinsa. Dokokin Faransa a Afirka ta Yamma sun ce duk ƙasar da ba kowa kuma ba mai ita ta hukuma ce, dokar 1935 ta ƙara da wadda aka bari sama da shekara 10 ba a amfani da ita. To, mene ne amfani a idon mai rubuta dokar? Huɗa da shuka da gini. Dajin da shanu dubu ke ci wata uku su bar shi ya huta wata tara, in kwamanda ya bi ta wurin da rani ba zai ga kowa ba, sai ya rubuta fili ne ba mai shi.

Wanda ke son ya ga inda kwaɗayin filin makiyayi ke kaiwa ya dubi Masai na ƙasar Kenya, masu shanu ne kamarmu. A 1904 Ingila ta sa shugabanninsu suka sa hannu a takarda suka tashi daga mafi kyawun wuraren kiwonsu don a ba Turawa 'yan kama-wuri-zauna, aka yi masu alkawarin cewa yankin Laikipiya da aka mayar da wasunsu nasu ne muddin akwai Masai a duniya. Shekara bakwai kacal alkawarin ya yi. A 1911 aka kawo wata takarda, aka kwashe su daga Laikipiya aka tura kudu, mutane da dabbobi suka mutu a hanya. Suka ɗauki lauya suka kai ƙara, a 1913 kotun Turawa ta kori ƙarar, wai abin da aka ƙulla yarjejeniya ce tsakanin hukumomi biyu, ita ba ta da hurumin shiga.

Yanzu mu komo kan kalmar koloni da muka ce a riƙe. A watan Janairu na 2018, ana cikin makokin mutanen da aka kashe a jihar Binuwai, wata biyu bayan dokar jihar ta hana kiwon sake ta fara aiki, ministan noma na Nijeriya na lokacin, Audu Ogbe, ya fito da shirin keɓe wa shanu manyan filaye inda za a samar da ruwa da ciyawa da likitan dabbobi. Sai aka raɗa wa shirin suna da Turanci, koloni na shanu. A Turanci ana kiran taron ƙudan zuma ko na tururuwa da wannan suna, gaskiya ne. Amma mutumin da kakansa ya yi aikin tilas a ƙarƙashin Bature, in ya ji koloni ba zuma yake tunawa ba. Nan take jihohi da dama suka ce ba su da ko taƙi da za su bayar, shirin ya mutu tun bai tashi ba. A watan Mayu na 2019 tsohon shugaban ƙasa Obasanjo ya yi wani jawabi da ya yi zancen mayar da Afirka ta Yamma ta Fulani, maganar ta bazu ko'ina. Da gwamnati ta fito da wani shiri mai kama da na farko da sunan Ruga, sai ya faɗa cikin wannan guguwa, aka dakatar da shi a watan Yuli. A watan Disamba na shekarar Binin ta sanar da hana garkunan ƙetare shiga ƙasarta. Ba mu ce kalma ɗaya ce ta haifi duk wannan ba, akwai jinin da aka zubar da gonakin da aka ɓata. Amma kalmar ce ta sauya wa rigimar kama. Rigimar gona da burtali ana zama a gaban mai gari a kimanta ɓarna a biya. Wanda aka ce maka ya zo cin ƙasarka kuwa, wa zai zauna sulhu da shi?

To, a ɗauko ma'aunin Lugga a ɗora makiyayi a kai. Wane sarki ya naɗa, wane ya tuɓe? A hannun wa yake karɓar haraji? Shi ne dai mai biya: a kara ya biya, a bakin iyaka ya biya, a shingen hanya ya biya, mai rasit da maras rasit. Falken da ya loda shanu daga Maraɗi zuwa Legas ya fi mu sanin yawan hannun da ake miƙo masa. Ƙasa kuwa, galibinmu ba mu da takardar ko da inda muka binne iyayenmu. Mai mamaya in ya zo ya zo ke nan, makiyayi kuwa ruwan farko na sauka a arewa ya ɗaure kaya a kan jaki ya juya.

Za a ce mana, to daular Sakkwato fa? Ba za mu kauce wa tambayar ba. Daular da ta taso daga 1804 ta faɗaɗa da yaƙi, Alƙalawa ta faɗi a 1808, sarakunan Katsina suka komo Maraɗi, Gobirawa suka kafa Tsibiri, tuta ta kai har Adamawa. Wannan faɗaɗa iko ne, kamar yadda Barno da Songai suka yi kafin nan, kamar yadda Damagaram ta yi a zamanin Sarki Tanimu. Cin ƙasa ba Bature ya ƙago shi ba, kuma waɗanda kakanninsu suka sha wuyar wannan zamani suna da haƙƙin tunawa. Abin da muke cewa shi ne, mai riƙe da tuta a fada daban, mai riƙe da sanda a daji daban. Jangali na cikin abubuwan da masu jihadi suka zargi sarakunan Hausa da su, amma bayan an ci ƙasa mai shanu bai huta da biya ba, Bature kuma ya zo ya tarar ya ƙara ɗaurewa.

Wannan ba ya wanke kowa. Yaron da ya saki shanu cikin gero da gangan maɓarnaci ne, a kira shi da sunansa ya biya. Wanda ya ɗauki bindiga ya kashe mutane ya ƙone ƙauye mai kisan kai ne, ko ɗan wa ne, kuma duk wanda ya ɓoye shi ya ci amanar sauran. Har ma za mu ƙara da abin da wasu ba za su so ji ba. In ana neman inda ma'aunin nan ya fara cika a yankinmu, a dubi dazuzzukan Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato, inda 'yan bindiga ke sa wa ƙauyuka kuɗi kafin su yi noma ko girbi, har aka ga inda suka naɗa wa gari wanda suke so. A dubi arewacin Tilaberi da Tawa, inda masu ɗauke da makamai ke ƙirga shanun mutane su karɓi abin da suka kira zakka da bakin bindiga. Haraji da naɗi da iko a kan ƙasa, duk ga su nan. A cikinsu akwai 'ya'yan makiyaya, ba mu musu. Amma makiyayi na cikin waɗanda suka fara yi wa kora, kuma in aka shafa wa ƙabila guda sunan mamaya, an ba waɗannan mutane mafaka ke nan a cikin taron marasa laifi. Mu a nan gida mun san inda kuɗin goro ke kaiwa. A Toda, cikin jihar Maraɗi, a watan Oktoba na 1991, rigimar manoma da makiyaya ta ƙare da mutuwar mutum sama da 100, galibinsu mata da yara na rugage.

Sauran magana ta shugabanninmu ce. Sojojin Faransa sun fice daga ƙasar nan a watan Disamba na 2023, amma dabarar nan ta cewa daji ba mai shi ba ta bi jirginsu ta tafi ba. Dokar watan Mayu na 1961 ta ja iyakar noma ta arewa, ta bar abin da ke bayanta don kiwo. Kowa ya san gonaki sun tsallake wannan layi da nisa. Dokar karkara ta 1993 ta san da haƙƙin makiyayi a kan wurin da ya saba zama. Dokar kiwo ta watan Mayu na 2010 ta ce yawo da dabbobi haƙƙi ne na asali, ta kuma hana wani ya mallake filin kiwon jama'a shi kaɗai. Duk da haka muna ganin mai kuɗi ya taso daga birni da takarda, ya haƙa rijiyar burtsatse, ya kewaye daji da waya, ya sa mai gadi. Wanda ya riƙe ruwa a arewa ya riƙe duk ciyawar da ke kewaye da shi, wannan ko yaro ya sani. Ba za mu kira wannan mulkin mallaka ba, tunda mu muka ce a daina wasa da kalmar, amma ɗan'uwansa ne na jini, kuma hukumar da ke tsine wa ɗaya a rediyo bai kamata ta buga wa ɗayan hatimi a ofis ba.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatan gidajen rediyon Hausa, na gida da na waje, su riƙa tantance abin da suke fassarawa. In ɗan siyasa ya ce mamaya, a ce shi ya faɗa, a kuma tambaye shi wane gari, wace rana, su wa. Wakilanmu da ke zuwa taro da hukumomin ƙetare kada su yarda a rubuta wannan kalma a takardar bayan taro su sa hannu, kada kuma su mayar da irinta a kan manoma. Akwai kuma maganar takardar tafiya. Tun 1998 ƙungiyar CEDEAO ta amince da takardar shaidar ƙetare iyaka da dabbobi, wadda ke nuna yawan garke da rigakafinsa da hanyar da zai bi, ita ce hujjar makiyayi cewa shi baƙo ne mai izini. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar a watan Janairu na 2025. Muna roƙon hukuma ta zauna da Nijeriya da Binin a fito da matsayi a rubuce a kan wannan takarda, a kuma sanar da shi da Hausa da Fulatanci da Tamajak kafin a saki gonaki garkuna su fara gangarawa. Shugabannin rugage da na rassanmu kuma su je hukumar filaye ta yankinsu, wadda aka fi sani da Kofo, su tabbatar an rubuta kowane burtali da mashaya da hurumin kiwo a cikin kundi, an kafa masu alama ta siminti, su karɓi kwafin takardar su ajiye a hannunsu.